Tambaya da Amsa: A Wane Lardi Aka Rubuta Kakanku?

Wasiƙun da suka shigo wannan filin a watan nan kusan duk ciwo ɗaya ke damun su. Mutum ya samu tsohuwar takarda a gida, ko ya riƙe wata magana da kakarsa ta faɗa masa, ya tashi neman asali, sai ya tarar sunan lardin ko gundumar da ke jikin takardar bai yi daidai da abin da ya sani a yau ba. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu muna gyaran ɗakinsa sai muka ci karo da takardar sallamar kakanmu daga soja a cikin wata tsohuwar adaka. Gara ta cinye gefen da shekara take. A wurin da aka rubuta garinsu akwai sunan ƙauyenmu, sannan Gundumar Galadima, Lardin Zariya. Mu dai tun tasowarmu mun san kanmu mutanen ƙasar Malumfashi ne, Katsinawa. Yanzu yayanmu ya kafe cewa takarda ba ta ƙarya, asalinmu Zagezagi ne, har maganar ta fara raba kan gidan. Ina gaskiyar take?
Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kai haske kabarinsa. Ki gaya wa yayanku takardar ba ta yi ƙarya ba, kuma ku Katsinawa ne kamar yadda kuka sani. Ƙauyenku bai motsa ko taku ɗaya ba. Ofishin Baturen da ke duba ƙasar ne aka yi ta canzawa.

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, sai suka sa masarautar Katsina ƙarƙashin Razdan na Kano, wato Baturen da ke shugabantar lardin. Haka aka zauna har 1926, shekarar da aka yi wa lardunan Arewa babban garambawul. A nan ne aka ɗauke Katsina daga Lardin Kano aka haɗa ta da Lardin Zariya. Sai a 1934 ta samu lardin kanta, ita da Daura. Saboda haka duk akawun soja da ya tambayi Bakatsine garinsu tsakanin 1926 da 1934, Lardin Zariya zai rubuta, domin haka yake a tsarin gwamnati. Kin ga ke nan abin da gara ta cinye, sunan lardin ya maido miki da shi: bisa dukkan alamu a cikin waɗannan shekaru takwas aka shigar da bayanin kakanku. Ki bar ɗan sarari kaɗan a ƙarshe, don akawu yakan ci gaba da kwafe abin da ya tarar a rijista ko da an riga an yi canji.

Kalmar da ta yanke gardamar kuwa ita ce Galadima. A ƙasar Katsina Turawa sun daɗe suna kiran gunduma da sarautar hakiminta maimakon sunan garin da yake zaune. Gundumar Galadima ita ce Malumfashi, ta Kaura ita ce Rimi, ta Durɓi ita ce Mani, ta 'Yandaka ita ce Dutsin-Ma. Duk tsawon shekarun da aka yi ana rubuta Lardin Zariya a saman takarda, Galadiman Katsina ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yake kai gaisuwa, harajin ƙauyenku kuma baitulmalin Katsina yake shiga. Sarkin Zazzau bai taɓa naɗa muku dagaci ba. Lardi abin Razdan ne, masarauta kuwa abin sarki ne, kuma mutanenmu da yawa sukan gauraya su idan sun zo karanta tsofaffin takardu.

Wannan ne ya sa nake ba duk mai neman asali shawara ɗaya kafin ya kashe kuɗin mota. Ya ɗauki takarda ya rubuta shekarar da yake bincike a kanta, sannan ya hau matakalar mulki ta wannan shekarar daga ƙasa: wane ne mai unguwa, wane dagaci, wane hakimi, wace En'e (hukumar mulkin sarki), wane Di'o (Baturen da ke ƙarƙashin Razdan), wane Razdan. Idan tsofaffin gida ba su san sunan gunduma ba, kada ki tambaye su da wannan kalmar. Ki ce, "Baba, wa ake kai wa haraji a lokacin? Ina ake kai ƙara in an yi rikicin gona? Ina masu shanu ke biyan jangali?" Wanda bai taɓa ganin taswira ba zai ba ki amsar waɗannan nan take, domin abu ne da ya taɓa aljihunsa.

In kika jera wa ƙauyenku wannan matakala za ki ga ya zauna a Lardin Kano, da na Zariya, da na Katsina, sannan Jihar Arewa ta Tsakiya da Gowon ya ƙirƙira a watan Mayun 1967, wadda aka maida sunanta Kaduna a 1976, sannan Jihar Katsina daga Satumbar 1987. Amfanin sanin wannan shi ne takarda takan kwana a hannun hukumar da ta rubuta ta. Tunda a Kaduna kike, abin ya zo miki da sauƙi. Ki je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan garin. Fayilolin larduna an jera su ne da sunan ofishin da suka fito: Kanoprof na Kano, Zarprof na Zariya, Katprof na Katsina, sai kuma waɗanda ke da alamar SNP, wato na Sakataren Lardunan Arewa, inda rahotannin larduna duka ke taruwa. Ki duba jerin ukun nan duka, domin wani fayil yakan bi ƙasa zuwa sabon lardinta, wani kuma a bar shi inda aka buɗe shi. Ita kuma takardar kakanku, ki cire ta daga leda, ki sa ta tsakanin farar takarda biyu, ki ɗauki hotonta gaba da baya ki raba wa 'yan'uwa. Lambar soja da ke jikinta ita ce za ta yi miki aiki nan gaba, kada ki bari ta goge.

Tambaya ta biyu

Malam, ni ɗalibi ne, an ba ni aikin rubuta tarihin gundumarmu ta Ringim kafin samun 'yancin kai. Malamina ya ce dole in sa taswirar iyakar gundumar ta wancan lokacin. Na nema a Dutse ban samu ba, a intanet kuma ta ƙananan hukumomin yanzu kawai nake gani. Ko in yi amfani da ita?
Wani ɗalibi daga Jigawa

A'a ɗana, kada ka yi amfani da ita. Ƙananan hukumomi da ka sani a 1976 aka kafa su, guda 301 a duk Najeriya, aka yi ta yanka su har suka kai 774 na yanzu. In ka ɗora iyakar yau a kan labarin 1940 za ka fitar da ƙauyukan da ke ciki, ka shigo da waɗanda ba su taɓa zama ciki ba, kuma duk lissafin mutane da na haraji da za ka yi a kai zai karkace.

Rashin samun da ka yi a Dutse ma ba abin mamaki ba ne. Jigawa a Agustan 1991 aka cire ta daga Jihar Kano. Kafin nan Ringim, da Dutsen kanta, da Birnin Kudu, da Gwaram, da Jahun, gundumomin Sarkin Kano ne, hakimansu a fadar Kano ake naɗa su, takardunsu kuma Kano suke tafiya. Haɗeja da Gumel da Kazaure su ne ke da sarakunansu da En'ensu daban, ko da yake su ma a cikin Lardin Kano suke. Don haka inda za ka nufa shi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, sannan Kaduna, wato gidan adana takardun da na ambata a sama da kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi.

Amma akwai abin da nake so ka fahimta kafin ka tafi, domin shi ne zai hana ka ɓata lokaci wajen neman layin da wataƙila ba a taɓa zana shi yadda kake zato ba. Kafin zuwan Turawa, manyan masu sarautar Kano a birni suke zaune, garuruwan da aka ba kowannensu kuma a warwatse suke, wannan a gabas wancan a yamma, jakadu ke zirga-zirga tsakani. Turawa ne, wajejen 1907 zuwa 1908, suka tattara garuruwa maƙwabtan juna suka mai da su gunduma guda, suka tilasta wa hakimi ya bar birni ya tare a cikinta. Ko bayan nan an yi ta haɗe wasu ana raba wasu. Gunduma a idon hakimi jerin dagatai ce da ke kawo masa haraji. Inda gonakin dagaci na ƙarshe suka tsaya, nan iyakarsa ta tsaya, kuma mutanen wurin da kuka, da rafi, da burtali, da tsohuwar rijiya suke gane ta.

Saboda haka abin da za ka nema shi ne rahoton kimanta haraji na gundumar, wanda a jerin fayiloli za ka ga an rubuta Assessment Report ko Re-assessment Report, da kuma littafin gunduma da Di'o ke ajiyewa, District Note Book. Ni a wurina babu takardar zamanin Turawa da ta kai rahoton kimanta harajin nan amfani ga mai tarihin ƙauye. Ƙaramin jami'i ne ake turawa ya yi makonni yana yawo a kan doki. In ka buɗe fayil ɗin za ka ga shafuka da aka buga da tafireta, takardar ta yi ja, tsatsar allurar maƙalawa ta ci kusurwa. Farko tarihin garuruwa ne kamar yadda dattawa suka ba shi, da jerin waɗanda suka riƙe sarauta. Sai jadawali: sunan ƙauye, maza baligai nawa, mata nawa, yara nawa, shanu da tumaki da jakuna, masaƙa da marina da maƙera, sannan harajin da aka yanka da fam da sule da kwabo. A can bayan fayil ɗin sau da yawa akwai taswirar hannu a naɗe, an ja hanyoyin rangadi da jan tawada. Ka buɗe ta a hankali, wajen naɗin ne take fara yagewa.

Ka kwafe sunayen ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka samo taswirar safiyo ta gwamnatin tarayya, mai ma'aunin 1:100,000 ko 1:50,000, wadda sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu kan ajiye, ka sa ɗigo a kan kowane ƙauye. Zoben da ɗige-ɗigen suka yi shi ne gundumarka a shekarar rahoton. Ka rubuta shekarar a ƙasan taswirar, ka kuma bayyana cewa kai ka haɗa ta daga jerin haraji. In ka samu rahoto na biyu na wata shekarar, ka sake yi, bambancin da ke tsakaninsu shi kansa babi ne guda a aikinka. Rahoton ƙidayar 1952 da ta 1963 su ma za su taimaka maka wajen gwadawa. Ka kula da rubutun sunaye, domin Baturen da ya rubuta Hadeija da Katsena ba zai bar sunan ƙauyenku lafiya ba. Ka riƙa furta sunan da baki, kunne zai gane abin da ido ya kasa.

Kada kuma ka raina rijistar kotun alƙali. Shari'ar gado da ta gona takan faɗi maƙwabtan fili gabas da yamma, kudu da arewa, kuma kotun da aka kai ƙarar ita kanta shaida ce ta gundumar da wurin yake. Yawancinsu da Larabci aka rubuta, ka tafi da wanda zai karanta maka.

Tambaya ta uku

Malam, gaisuwa daga Zangon Kumasi. Kakan mahaifina fataucin goro ya kawo shi ƙasar nan tun kafin Turawa, kuma har ya rasu yana cewa shi Bakatsine ne. Ɗan'uwana ya je Katsina da sunan garin da muka gada a baki, aka ce masa babu irin wannan gari a jihar. Ko dai labarin ne ya ɓace a hanya?
Wani dattijo daga Kumasi, Ghana

Alhaji, ina amsa gaisuwa, a gaida mutanen zango. Kada ku yanke ƙauna tukuna, domin ƙasar Katsina da kakanku ya sani ta fi Jihar Katsina faɗi. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina arewa suka yi suka kafa Maraɗi, kuma har gobe mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Mutumin da ya fito daga ƙasar Maraɗi ko Tasawa a ƙarni na 19 zai kira kansa Bakatsine da gaskiyarsa. Haka abin yake ga Gobirawa, wasu na Sabon Birni a Najeriya, wasu na Tsibiri a Nijar.

Layin iyakar Najeriya da Nijar da ya raba su daga baya ya zo. Ingila da Faransa sun fara zana shi a kan takarda a 1890, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi. Suka sake shi a 1898, suka sake a 1904 da 1906, musamman don Faransawa na neman hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar haɗin gwiwa ta Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamu. Kakanku ya riga ya bar gida kafin duk wannan.

Don haka ɗan'uwanku ya tsallaka Jibiya ya tambaya a fadar Maraɗi, da kuma wajen sarakunan kanto na kewaye, wato kwatankwacin hakimai a Nijar, su ne masu riƙe da sunayen garuruwan da ke biyan lanho, wato haraji, a hannunsu, har da waɗanda suka tashi suka zama kufai. In ana son takarda, tsarin Faransawa shi ne cercle, wato babban yanki, a ƙarƙashin kumandan, sai kanto a ƙarƙashinsa, kuma waɗannan jami'an Faransa sun bar rubuce-rubuce a kan kowane yanki da ake kira monographie. Ana samun su a gidan adana takardu na ƙasa a Yamai, wasu kuma a Dakar, inda hedikwatar mulkin Faransa ta Afirka ta Yamma take. A tuna cewa har 1926 Damagaram ce babban birnin mulkin Nijar kafin a koma Yamai. Ku tafi da sunan kakan, da sunan mahaifinsa, da zanen fuskar gidanku in akwai, da sana'ar gado. A fada waɗannan sun fi sunan gari saurin buɗe ƙofa.

Tambaya ta huɗu

Malam, a takardar makarantar mahaifiyata an rubuta an haife ta a Abuja a 1951. Ai ba a gina Abuja ba a lokacin?
Wata malamar makaranta daga Minna

Malama, Suleja ake nufi. Ita ce Abuja ta asali, garin da sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa, kuma a 1951 tana cikin Lardin Neja. Bayan gwamnatin Murtala ta zaɓi wurin sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Irin wannan tarkon yana da yawa. Gombe ta farko ita ce Gombe Abba, aka koma Nafaɗa a 1913, sannan Doma a 1919, wadda ita ce Gomben yau. Sarkin Katagum kuma tun 1916 a Azare yake zaune.

Tambaya ta biyar

Baba, kakana ya je karatu Ingila da iyalinsa, aka haifi mahaifina a can a 1959. Takardar haihuwar ta ɓace, amma a tsohon fasfonsa da wasiƙun gida mun ga Willesden, Middlesex. Yanzu ina Landan, na duba jerin hukumomin ƙasar ban ga Middlesex ba. Ina zan nufa?
Wani matashi daga Landan

Ɗana, su ma Turawan abin da suka yi mana sun yi wa kansu. Middlesex ɗaya ce daga tsofaffin lardunan Ingila da suke kira kaunti, kuma an rushe majalisarta a ranar 1 ga Afrilun 1965 aka zuba mafi yawan ƙasarta cikin Babbar Landan. Willesden aka haɗa ta da Wembley suka zama ƙaramar hukumar Brent. Gidan waya ne ya ci gaba da amfani da tsohon sunan a adireshi shekaru da yawa bayan nan, shi ya sa har yau kake ganin sa a wasu wurare. An sake wani babban garambawul a 1974, wanda ya fitar da Liverpool da Manchester daga Lancashire, don haka duk wanda kakansa ya yi aikin jirgin ruwa a Liverpool kafin wannan shekarar, Lancashire zai gani a takardunsa.

Ta fuskar takardar haihuwa kuwa ka huta, domin ba ta bin kaunti. Tun 1837 Ingila da Wales ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa bisa gundumomin rajista, kuma kwafin kowace yana babban ofishin rajista na ƙasa, GRO, da ke Southport. Ka shiga shafin intanet na FreeBMD, mai ɗauke da jerin sunayen waɗanda aka yi wa rajista, kyauta ne, ka sa sunan dangi da shekarar. Jerin an raba shi wata uku-uku, kuma a wancan lokacin ana rubuta sunan dangin uwa a gefe, wanda zai taimaka maka in an lauya rubutun sunan kakanka. Ka gwada Mohammed da Muhammadu da Mamman, ka kuma gwada sunan garinku, tunda 'yan makarantar wancan zamanin da yawa da sunan gari aka san su. In ka same shi, ka kwafe sunan gunduma da lambar littafi da ta shafi, da su za ka nemi sabon kwafi daga GRO.

In kana son sanin gidan da suka zauna, takardar haihuwar za ta ba ka adireshi. Daga nan ka je ma'ajiyar tarihi ta Brent da ke ɗakin karatu na Willesden Green ka nemi rijistar masu zaɓe ta 1959 da 1960. 'Yan ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila suna da ikon jefa ƙuri'a a lokacin, don haka mai yiwuwa ne ka ga sunan kakanka a jere da na sauran mutanen gidan. Takardun tsohuwar majalisar Middlesex kuma suna Clerkenwell, a gidan adana takardun da aka daɗe ana kira London Metropolitan Archives, wanda tun 2024 ake kira The London Archives. In titin ya canza suna ko an rushe shi, shafin taswirori na Ɗakin Karatu na Ƙasa na Scotland yana ba ka damar ɗora tsohuwar taswira a kan ta yau, ka ga daidai inda gidan yake.